Daga farfela zuwa hanci: yadda na bi cikin jirgin Le Redoutable ɗaki bayan ɗaki

Le Redoutable, tsohon jirgin yaƙin Faransa na ƙarƙashin ruwa mai ɗaukar makaman nukiliya, yana zaune a busasshen rami na kankare a bakin tashar ruwan Cherbourg, arewa maso yammacin Faransa, gefen tsohuwar tashar fasinjojin teku da aka mayar gidan tarihi mai suna Cité de la Mer. Daga Paris tafiyar awa uku da ɗoriya ce a jirgin ƙasa. Tun 2002 aka buɗe shi ga jama'a. Ta wutsiya ake shiga, a fita ta hanci, da na'urar bayani a kunne, yawancin baƙi kuma kafin minti arba'in sun gama. Ni sau biyu na bi shi da littafin rubutu a hannu, domin a zagayen farko ido ne kawai ke kallo, sai a na biyu lissafi ke shiga kai.

Kafin mutum ya shiga, gara ya fara sauka ƙasan ramin ya zagaya jirgin da ƙafa. Tsawonsa mita 128.7, ya ɗara filin ƙwallo, faɗinsa mita 10.6. Daga can ƙasa za ka ga farfela guda ɗaya a baya, da fikafikai biyu a jikin hasumiyar da ke samansa, sannan wani dogon doro da ya tashi daga bayan hasumiyar ya miƙe zuwa wajen wutsiya. Wannan doron shi ne ya fara ba ni mabuɗin jirgin. Makami mai linzami na farko da ya ɗauka, M1, tsawonsa mita 10.4 ne, kaurinsa mita ɗaya da rabi, nauyinsa tan 18, kuma a tsaye ake ajiye shi. Idan aka ƙara murfin sama da kayan cilla shi da ke ƙasa, bututun da ake ajiye shi a ciki ya fi gangar jirgin tsayi, dole kansa ya leƙo waje, sai aka yi masa rufi don ruwa ya riƙa zamewa a kai ba tare da ƙara ba. Makamin ne ya yanke faɗin jirgin. Bututu 16, takwas a kowane layi, su suka yanke tsawonsa. Duk abin da na gani bayan nan a ciki, daga tukunyar nukiliya har gidan burodi, bara ne na waɗannan bututun, su ne masu gida.

Amurkawa ne suka fara nuna haka ƙarara. Da suka matsu su kai makamin Polaris teku, wani jirgin ƙarƙashin ruwa na farautar jirage da ake kan ginawa suka raba biyu, suka cusa sashe mai tsawon kusan mita 40 a tsakiya, ya zama George Washington, wanda ya harba Polaris daga ƙarƙashin ruwa ranar 20 ga Yuli 1960. Ingila ta karɓi tayin Polaris a yarjejeniyar Nassau ta Disamba 1962. An miƙa wa Faransa irin tayin, shugabanta Janar de Gaulle ya ce a kai kasuwa a watan Janairu 1963, domin ba ya son makamin da wata ƙasa ke riƙe da linzaminsa. Ma'anar wannan ƙin ita ce Faransa za ta ƙera jirgin, da tukunyar, da makamin, da kan nukiliyar, da na'urorin gane hanya, duka a lokaci guda kuma da hannunta.

Sun riga sun sha ƙasa sau ɗaya. A tsakiyar shekarun 1950 sun fara gina wani jirgi mai lamba Q244 da niyyar tuƙa shi da uranium kamar yadda yake fitowa daga ma'adini, irin wanda ake haƙowa a Arlit. A cikin irin wannan uranium, nau'in da ke ba da wuta, wato 235, kashi 0.7 ne kacal cikin 100, saboda haka tukunyar da za ta yi aiki da shi sai ta yi girma da nauyin da gangar jirgi ba za ta ɗauka ba. Aka watsar da aikin. Ba a yi asarar gangar ba, da ita aka yi Gymnote, jirgin gwaji da aka riƙa koyon harbi daga ƙarƙashin ruwa da shi. A karo na biyu sai aka bi hanyar da ta dace: aka gina tukunyar gwaji a kan tudu, a Cadarache, cikin yankin ganga mai faɗin ta jirgi, ƙarƙashin injiniya Jacques Chevallier, ta kama aiki a watan Agusta 1964, aka yi ta wahalar da ita kamar tana teku. André Gempp ne ya jagoranci zanen jirgin. An saukar da shi ruwa a nan Cherbourg ranar 29 ga Maris 1967, de Gaulle na tsaye, ya shiga aiki 1 ga Disamba 1971, ya fita sintirinsa na farko a ƙarshen Janairu 1972.

Ƙofar da baƙi ke shiga ba ta asali ba ce, yanka ta aka yi a jikin gangar bayan jirgin ya bar aiki. A bakinta na tsaya na duba kaurin ƙarfen, ya kai yatsu uku a jere. Wanda bai san ruwa ba zai ce ya yi kaɗan ga jirgi mai tan dubu tara. Ga lissafin: kowane mita 10 na zurfi yana ƙara nauyin kilo ɗaya a kan kowane santimita murabba'i. A zurfin mita 300, wanda shi ne aka bayyana wa wannan jirgi, kowane mita murabba'i na jikinsa yana ɗauke da tan 300. Abin da ke riƙe wannan nauyi ba kauri kaɗai ba ne, har da siffa. Gwangwanin madara da bai lotsa ba yana jure nauyi mai yawa, amma da ya ɗan lotsa a gefe, taki ɗaya ya murƙushe. Shi ya sa ake auna zagayen gangar da milimita, a kuma ɗaure ta daga ciki da zobban ƙarfe kamar haƙarƙari, waɗanda ake gani a jere duk inda ba a rufe bango ba.

Ƙarfen nau'in 80 HLES ne, mai ƙarfi, mai ɗan miƙewa ya dawo, kuma mai karɓar walda. To amma waldar irinsa tana da sharuɗɗa. Sai an ɗumama ƙarfen kafin a sa masa wuta, sandunan walda kuma a tanda ake ajiye su, domin laima kaɗan a jikin sanda tana shigar da iskar haidurojin cikin ɗinkin, sai bayan kwanaki tsaga ta bayyana a wurin da jiya aka duba aka ga lafiya. Kowane ɗinki sai an ɗauke shi hoton ƙashi kamar majinyaci. Kuma a tuna an huda wa wannan ganga manyan ramuka 16 a gadon baya, kowane rami rauni ne, shi ya sa aka haɗe bututun da gangar sama da ƙasa har suka zama ginshiƙai. Duk nutso yana matse ƙarfen, duk tasowa yana sake shi, gajiyar da ke taruwa daga wannan matsi da saki ita ce ke ƙayyade shekarun jirgi.

Ɗakin farko na injuna ne. Sandar farfela ta ratsa tsakiya, kauri kamar kututturen giginya, ta fito daga akwatin giya da ke rage gudun injinan tururi biyu, masu ba da ƙarfin doki 16,000. Injin tururi yana son juyawa dubbai a minti, farfela kuma tana son juyawa a hankali, akwatin giyar ne ke sasanta su. Inda sandar ta huda ganga ta fita teku nan ne wuri mafi wuyar toshewa, tun da ana son ƙarfe ya juya amma ruwa mai matsin kilo 30 a kan kowane santimita murabba'i kada ya shigo. A gefe akwai motar lantarki ta ko-ta-kwana, da injinan dizal, da batura, da bututun shaƙar iska da ake ɗagawa sama, don ranar da tukunya ta tsaya a samu abin rarrafawa gida.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina a nan shi ne ƙafafun injuna. Kusan babu famfo ko janareta da ke zaune kai tsaye a kan ƙarfe, kowanne yana kan matashin roba, bututun ruwa kuma an raba su da gaɓoɓi masu lanƙwasa. A cikin teku haske ba ya nisa, rediyo ba ya nisa, amma sauti yana tafiyar kilomita masu yawa, da gudun kusan mita 1,500 a daƙiƙa. Jirgin da aka ji motsinsa an san inda yake, wanda aka san inda yake kuwa makamansa sun tashi daga aiki tun ba a harba ba. Sifana ɗaya da aka manta ta tokare tsakanin inji da bango ta isa ta ɓata aikin dukan robobin, domin girgizar za ta bi ta cikinta ta fita teku. Farfela ma tana da nata laifin: idan ta yi sauri a ruwa marar zurfi, kumfa na tasowa a bakin ganyenta su riƙa fashewa da ƙara kamar ana soya gyaɗa. Maganinsa a yi zurfi a kuma rage gudu. Jirgin yana iya wuce kilomita 37 a awa a ƙarƙashin ruwa, amma a sintiri tafiyar hawainiya yake yi.

Daga nan sai ka wuce ɗakin masu lura da injuna, bango cike da agogunan awo, ka faɗa wani fili da babu komai a cikinsa. Nan ne mazaunin tukunyar nukiliya. An yanke sashen gaba ɗaya a 1993, aka rufe shi ruf aka ajiye a keɓaɓɓen wuri a tashar sojan ruwan Cherbourg har zafin gubarsa ya ragu, aka sa wata gangar fanko a gurbinsa. Aikin irin wannan tukunya bai da wuyar bayani. Uranium da aka tace yana tsagewa ya ba da zafi. Ruwan zagaye na farko yana ɗaukar zafin, amma an danne shi da matsi mai tsanani yadda ba zai tafasa ba ko da ya kusa digiri 300. Wannan ruwan yana bi ta cikin siraran bututu ya tafasa wani ruwan daban na zagaye na biyu, tururin na biyun ne ke juya injuna, ruwan teku ya sanyaya shi ya koma ruwa, a sake. Ruwan farko da na biyu ba sa haɗuwa, don haka guba ba ta isa ɗakin injuna. Tukunyar ba ta buƙatar iska, wannan ne ya sa jirgin ke iya yin wata biyu bai leƙo ba.

Inda gizo ke saƙa shi ne bayan an kashe ta. Ko an sauke sandunan da ke tsayar da tsagewar, ragowar tokar da ke ciki tana ci gaba da ba da zafi, kusan kashi 6 cikin 100 na ƙarfinta a daƙiƙun farko, yana raguwa a hankali cikin kwanaki. Idan ruwa ya daina zagayawa, wannan ragowar ta isa ta narka cikin tukunyar. Abin da ya sami jirgin Tarayyar Sobiyet K-19 ke nan ranar 4 ga Yuli 1961: ruwan zagaye na farko ya zube, babu hanyar sanyaya ta biyu, ma'aikata suka shiga da kansu suka haɗa bututu da walda, takwas daga cikinsu suka rasu cikin makonni. Wanda ya san wannan labarin ba zai yi mamakin ganin famfo biyu a inda ɗaya ya isa ba, ko layin wuta biyu da ke bin bango daban-daban.

Sai ɗakin makamai. Kana tafiya tsakanin layuka biyu na bututu, kowanne mutum uku ba za su rungume shi ba, sun huda bene sun huda rufi. Amurkawa suna kiran irin wannan ɗaki daji, kuma da ka shiga za ka ga dalili. A jikin kowane bututu akwai ƙananan ƙofofi na duba makamin, da wayoyi, da bututun da ke riƙe masa sanyi da laima daidai, domin man makamin daskararre ne kamar roba, idan zafi da sanyi suka yi ta canza masa zai tsage, wanda ya tsage kuwa ba ya ci a hankali, fashewa yake yi.

Harbin yana da matakai, kuma ba a tsallake ɗaya. Jirgin ya taso zuwa zurfi kaɗan, ya rage gudu har ya kusa tsayawa cik, domin ruwan da ke gudu a gadon bayansa zai iya kwantar da makamin yana fitowa. A cika wa makamin bayanin inda jirgin yake da inda za shi. A hura iska cikin bututun har matsin ciki ya yi daidai da na teku, in ba haka ba murfin ba zai buɗu ba. A buɗe murfin ƙarfe. A ƙarƙashinsa akwai wata fata da aka ɗaure kamar ta ganga, ita ke hana ruwa shiga. Sai a sako matsattsiyar iska daga ƙasa, makamin ya fasa fatar ya yi sama, injinsa ba ya kamawa sai ya rabu da jirgin, don wutarsa a cikin bututu za ta ƙone jirgin ne. Nan take ruwa ya cika bututun. Na yi lissafi a tsaye a wurin: makami mai tsawon mita 10.4 da kaurin mita 1.5 yana cin wurin ruwa kusan tan 18, bututun kuma ya fi shi faɗi, ke nan ruwan da ya shigo ya ɗara makamin da ya fita nauyi. Cikin daƙiƙu jirgin ya rasa tan 18 sannan ya sami fiye da haka, a gefe ɗaya. Akwai tankuna na musamman da ke fitar da rarar kafin harbi na gaba. Jirgin ya yi harbinsa na farko daga ƙarƙashin ruwa a watan Mayu 1971.

Zaɓen daskararren mai tun ran gini ne ran zane. Sobiyet sun daɗe da mai na ruwa, wanda ya fi ba da ƙarfi amma ba ya shiri da ruwan teku. Ranar 3 ga Oktoba 1986 ruwa ya yoyo cikin bututu ɗaya na jirginsu K-219 a tekun Atlantika, ya haɗu da man makamin, ya fashe, bayan kwana uku jirgin ya nutse. A ganina wannan shi ne zaɓi mafi hikima da masu zanen Le Redoutable suka yi, ko da yake ya jawo musu gajeren zango: M1 bai wuce kilomita 2,500 ba, dole jirgin ya matsa kusa da inda abokan gaba suka fi sauraro. M2 da M20 da suka biyo baya sun kai kusan 3,000. Da M4 ya zo a 1985 aka gyara jirage huɗu 'yan'uwan Le Redoutable don su ɗauke shi, shi Le Redoutable kuwa da yake ya tsufa ba a yi masa ba, ya ajiye aiki a Disamba 1991 bayan sintiri fiye da 50. Magadansa na ajin Le Triomphant suna ɗaukar M51 mai tsawon mita 12 da nauyin sama da tan 50, faɗin jiragen kuma ya koma mita 12.5.

Ba na iya wuce wannan ɗaki ban faɗi abin da ke cikin bututun ba. Kan M1 guda ɗaya yana da ƙarfin kilotan 500, wato daidai da fashewar tan 500,000 na nakiya, na M20 megatan ɗaya, wato kilotan 1,000. Bam ɗin da ya shafe Hiroshima kimanin kilotan 15 ne. Sha shida ne a jere, kowanne na birni guda, da mata da yara da tsofaffinsa. Gwanintar da ke cikin jirgin gaskiya ce, kuma ina girmama ta, amma abin da aka yi ta dominsa ke nan. Mu ma ba baƙi ba ne a labarin: a hamadar Aljeriya, a Reggane, Faransa ta tayar da bam ɗinta na farko ranar 13 ga Fabrairu 1960, gwamnatin Abubakar Tafawa Ɓalewa kuma ta kori jakadan Faransa daga Najeriya a Janairu 1961 saboda waɗannan gwaje-gwajen. Umarnin harbi daga shugaban ƙasa kaɗai yake fitowa, a cikin jirgi kuma sai kwamanda da mataimakinsa kowa ya tantance saƙon a nasa ɓangaren, babu mutum ɗaya da zai iya shi kaɗai.

Gaba da makamai, ƙarƙashin hasumiya, ɗakin tuƙi yake. Matuƙa suna zaune da sitiyari irin na jirgin sama, babu taga, agoguna kawai. Babbar matsalar wannan ɗaki ita ce sanin inda ake. Makamin ba ya gani, lissafi yake bi daga inda aka ce masa ya tashi, kuskuren kilomita ɗaya a mafari kuskure ne a masauƙi. Ana amfani da na'urori masu ƙwaryar ƙarfe da ke juyawa da tsananin gudu, wadda ke riƙe tsayuwarta kamar katantanwar yara muddin tana juyi, tare da ma'aunan da ke jin kowane motsi na jirgin su tara shi. Irin wannan na'ura tana zamewa kaɗan-kaɗan, kuskurenta na ƙaruwa da kwanaki, shi ya sa ake ɗaukar fiye da ɗaya ana gwada su da juna, aka kuma ba jirgin madubin leƙe na musamman na auna taurari don gyara lissafi. Kowane leƙe kasada ne. Saƙo kuwa shigowa kawai yake yi: tashoshi irin ta Rosnay a tsakiyar Faransa suna aiko da dogon zangon rediyo mai ratsa 'yan mitoci cikin ruwa, jirgin na jan doguwar waya a baya yana saurare, amma ba ya amsawa.

A nan kuma allon nutso yake. A saman ruwa nauyin jirgin kusan tan 8,000 ne, a ƙasa kusan 9,000, bambancin ruwa ne da ke shiga manyan tankuna da ke wajen ganga mai ƙarfi. Ƙasansu a buɗe yake kullum, iskar da ke ciki ce ke hana ruwa hawa, kamar kofin da aka kife a bokiti. A buɗe bawul na sama, iska ta fita, jirgi ya nutse. A rufe, a huro matsattsiyar iska, ya taso. Wannan mai sauƙi ne. Mai wuyar shi ne tsayawa a tsakiya. Idan gishiri ko sanyin ruwa ya canza nauyinsa da kashi ɗaya cikin 1,000, jirgi mai tan 9,000 ya yi nauyi ko sauƙi da tan 9. Idan ya ƙara zurfi gangar na matsewa, ya ƙara nauyi, ya ƙara nutsewa. Abincin da ake ci ma yana rage nauyi kowace rana. Akwai mai aikin tura ruwa tsakanin ƙananan tankunan gaba da na baya dare da rana.

Zurfin mita 300 bai kai tsawon jirgin sau biyu da rabi ba. Idan yana gudun mita 10 a daƙiƙa fikafikan baya suka maƙale ya dunƙufar da kai digiri 30, yana sauka mita 5 kowace daƙiƙa, minti ɗaya ya cinye zurfin duka. Shi ya sa ake hana haɗa babban gudu da babban zurfi. Hura tankuna na gaggawa ma yana iya cin amana. Jirgin Amurka Thresher ya nutse da mutum 129 ranar 10 ga Afrilu 1963, binciken da aka yi kuma ya nuna cewa iska mai laima idan ta fito da ƙarfi tana sanyi har ƙanƙara ta toshe matatar bututun. Tun daga nan busar da iskar da faɗaɗa bututunta suka zama wajibi.

Sashen zama na bi shi da sauri, amma lissafinsa ma na bututun ne, tun da mutane 135 ne za su yi kwana 55 zuwa 70 suna yi musu hidima. Kowane mutum yana shaƙar kusan kilo ɗaya na oksijin a rana, ke nan fiye da kilo 100 ga jirgin. Daga ruwa ake samo shi: a tafasa ruwan teku a tace, a raba shi da lantarki, a riƙe oksijin, a tura haidurojin waje, domin idan ya kai kashi 4 cikin 100 a iska tartsatsi ɗaya ya isa. Iskar da aka fitar daga huhu wani ruwan magani ne ke tsotse ta. Abinci sau uku na kwana 70 ya haura faranti 28,000, da mai gasa burodi kowane dare, shara kuma a matse ta a ɗaura mata nauyi don kada ta taso ta tona asiri. Kowa yana da gadonsa mai labule, hawa-hawa, abin da ma'aikatan tsofaffin jirage masu karɓa-karɓar gado ba su samu ba. Da dare ana mayar da fitilu ja don jiki ya san lokaci. Akwai ɗakin tiyata ƙarami da likita wanda aka koya wa fiɗa da cire haƙori, don ba a katse sintiri saboda ciwon mutum ɗaya sai in babu makawa. Iyali suna aiko da saƙon kalmomi ƙalilan sau ɗaya a mako, ana tace shi, labarin rasuwa kuma ana riƙe shi sai an dawo. Ƙarfe ya fi mutum juriya, don haka ayari biyu ne ga jirgi ɗaya, Shuɗi da Ja. Bernard Louzeau ne kwamandan Shuɗi na farko. Ayari ɗaya na teku, ɗaya na hutu da horo, jirgin kuma ya yi 'yan makonni a sansanin Île Longue kusa da Brest ya sake fita.

Ɗaki na ƙarshe a hanci na tofido ne, makamin da ke gudu a cikin ruwa ya fasa jirgi, bututu huɗu, don kare kai kawai idan an gano shi. Kowane bututu yana da ƙofa biyu, ta ciki da ta teku, da sandar ƙarfe da ke kulle ɗaya muddin ɗayar na buɗe. A jikin ƙofar ciki ta irin wannan bututu ana sa ɗan famfon gwaji, a murɗa shi a ga ko ruwa zai fito kafin a buɗe. A watan Yuni 1939, a jirgin Ingila Thetis, fenti ya toshe ramin wannan ɗan famfo, aka murɗa ba a ga ruwa ba, aka buɗe ƙofar alhali ta waje na buɗe, mutum 99 suka rasu. Bayan wannan ne sojan ruwan Ingila suka ƙara wani maƙali da ke barin ƙofar ta buɗu kaɗan kawai da farko, yadda in ruwa ya feso za a iya mayar da ita, ramin gwajin kuma sai an zura masa tsinke an tabbatar a buɗe yake kafin a yarda da shirunsa.